Yadda Ake Shirya Mota Idan Za a Ajiye Ta a Waje Wata da Watanni

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, motocin da ke kwance a ƙofar gidaje a Birnin Kebbi sun ƙaru. Wani tsadar mai ce ta sa ya koma kan babur, wani an yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja, wani karatu ya tafi, wani kuma aikin Hajji. Mafi yawansu ba su da gareji, sai dai a raɓa motar jikin katanga a yafa mata tamfol. Daga baya mu kanikawa ake kira mu zo mu tashe ta, kuma abin da muke tararwa yana sosa mini rai, domin gyaran da ke cin dubban ɗaruruwa aikin yini guda ne da zai hana shi.

Bara wani malamin makaranta a Badariya ya dawo daga karatu bayan wata goma sha huɗu. Da muka yaye tamfol, fentin saman Corollarsa ya yi dabbare-dabbare kamar an goge shi da yashi, kujeru sun yi fumfuna, ƙafafun baya sun ƙi juyawa. A cikin but muka sami ragowar buhun shanshera da ya manta, ɓeraye sun cinye shinkafar sun koma kan wayoyin inji. Ya tambaye ni cikin damuwa ko injin ya tashi aiki. Na ce masa, "Malam, ranka shi daɗe, injinka lafiya lau yake, zama ne ya ci motar ga." Abin da zan bayyana a nan shi ne abin da nake yi wa kowace motar da aka ba ni amanarta, idan za ta wuce wata guda ba a taɓa ta ba.

Kayan da za ka tanada

Sifana mai lamba 10 (ita ce ke kwance kan batir a yawancin motocin Japan), baƙin mai da filtarsa, ruwan lagireto na galan mai launi, sabulun wankin mota da man goge fenti, giris kaɗan, soson ƙarfe na wanke tukunya guda biyu ko uku, kafur, gawayi kamar rabin kwano, katako mai faɗi guda huɗu, waigi ko bulo biyu, kwali ko abin tare rana na gilashi, tsofaffin zannuwan gado na auduga, igiya, da rigar mota. Idan ajiyar za ta wuce wata shida, ƙara da ƙafafun ƙarfe huɗu na ɗora mota, da maganin da ake zubawa a tanki don hana fetur lalacewa, in ka samu. Ka kuma tanadi takarda da biro, za ka ga amfaninsu.

1. Zaɓi wurin da za ta kwana

Kafin ka taɓa sifana, tsaya ka dubi wurin da idon damina, ko da a tsakiyar rani kake. Ina ruwa ke bi idan an yi na marka a watan Agusta? Ina indararon maƙwabta ke zuba? Duk inda ka ga ƙasa ta yi santsi da laka busasshiya, ko ka ga zanen ruwa a jikin katanga, nan ruwa ke kwanciya. Mutanen Argungu, Jega, Bagudo da Yauri da ke kusa da gulbi ba sa buƙatar a tuna musu ambaliyar 2020. In gidanka a kwari yake, kai motar gidan ɗan'uwa a kan tudu, ko da za ka ji nauyin roƙo.

Kowa na son inuwar dogon yaro, amma ban yarda a bar mota a ƙarƙashinsa na watanni ba. 'Ya'yansa da ganyensa na toshe hanyoyin ruwan da ke ƙasan gilashin gaba, kashin tsuntsu da na jemage na cin fenti cikin 'yan kwanaki a zafin rana, sannan iskar farkon damina na karya reshe. Inuwar da ta fi ita ce ta rumfa: ginshiƙai huɗu da kwano, ko ma zana. Kuɗin rumfar bai kai rabin kuɗin fenti ba.

Daɓen siminti ya fi. In babu, share wurin tas, ka nome ciyawa har nesa da motar, ka zuba tsakuwa in da hali. Ciyawa na tara danshi a ƙarƙashin mota da damina, ta zama mafakar ɓera da maciji, da hunturu kuma ta bushe ta zama abincin wuta. Kada ka ajiye ta kusa da rumbu, turken awaki ko juji.

2. Wanki, ciki da waje

Wasu na cewa me za a wanke a motar da za ta sha ƙura? Ƙurar da ke kan riga daban, dattin da aka rufe a jikin fenti daban. Wanke ta sosai, har ƙarƙashi da cikin kwarin tayoyi inda laka ke maƙalewa ta riƙe danshi ta jawo tsatsa. Ka bari ta bushe sarai, sannan ka shafa man goge fenti. In akwai inda fenti ya ɓare har ƙarfe ya fito, ɗiga masa fenti kaɗan ko giris.

Ciki kuwa, fito da komai. Ɗaga tabarmin ƙafa, zura hannu ƙarƙashin kujeru, buɗe wurin safaya. Ƙwayar gyaɗa ɗaya, ƙwallon dabino ko takardar tsire ta isa ta kira ɓera. Fitar da kwalbar turare mai feshi, laita, abin cajin waya mai batir da gorar ruwa, domin zafin cikin mota a rufe a watan Afrilu, lokacin da na waje ke haura digiri 40, yana iya fasa su. Takardun mota da safayar makulli su koma cikin ɗaki. Idan ka wanke kujeru ko kafet, ba su yini guda cur a buɗe a rana. Wanda ya rufe mota da sauran laima a ciki, fumfuna zai tarar, kuma warinta ba ya fita da sauƙi.

3. Baƙin mai da ruwan lagireto

Juye baƙin mai da filta kafin ajiya, ba bayanta ba. Tsohon mai yana ɗauke da datti da tsami daga ƙonuwar fetur, in ya kwanta wata da watanni sai ya riƙa cin ƙarafan cikin inji. In ajiyar ba ta wuce wata biyu ba kuma man sabo ne, bar shi.

Lagireto ne inda mutanenmu suka fi yin sakaci. Da yawa ruwan rijiya ko na famfo suke zubawa. Mota na tafiya kullum abin na jimawa bai nuna ba, amma da ta tsaya sai ruwan ya koma ja kamar kunun kanwa, ya ci famfon ruwa, ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Jira inji ya huce, ka zubar da tsohon ruwan, ka zuba na galan. Duba man birki ma: yana shan danshin iska, in ya yi baƙi ko ya haura shekara biyu, a canja shi.

4. Tankin mai

A nan akwai hanya biyu, kuma tsawon tafiyarka ne zai zaɓa maka.

In za ka dawo cikin wata uku zuwa huɗu, cika tanki. Tankin da ba kowa a ciki yana tara raɓa a bangonsa, ruwan ya gangara ƙasa, ya jawo tsatsa a tsofaffin motoci masu tankin ƙarfe, ya kashe famfon mai. Amma da famfon gidan mai ya tsaya da kansa, ka ce ya isa. Kada a yi ta girgiza mota ana ƙarawa har baki, fetur na kumbura a zafi.

In tafiyar ta fi haka, sani cewa fetur ba ya jiran kowa. Daga wata uku zuwa shida ya fara lalacewa, a zafin ƙasarmu ma ya fi sauri, ya bar wani danƙo da ke toshe injekta ko kafireto. Maganin da na ambata a sama yana riƙe shi har kusan shekara. Zuba shi yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ka cika tanki, ka yi tafiyar minti goma sha biyar don ya zagaya ko'ina. In ba ka samu ba, kada ka ɓata kuɗinka wajen cika tanki. Bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ka sa a ranka cewa ranar dawowa za a zuƙe shi a zuba sabo. Kada dai a bar shi ƙaf. Motar gas (dizal) kuwa a cika ta, ita ruwa a tanki ne babban ciwonta. Kuma man ajiya a gidan mai ake sayensa, ba na galan a bakin titi ba.

Wannan tafiya ta ƙarshe ita ce damar kunna na'urar sanyi ta yi aiki sosai, inji ya yi zafi yadda ya kamata, birki ya bushe daga ruwan wanki. Daga nan sai wurin ajiya kai tsaye.

5. Tayoyi da birkin hannu

A hanyarka ka biya wurin mai faci. Iskar da ta dace da motarka na rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 33 ne. Ce ya ƙara biyar a kai, amma kada ya kai adadin ƙarshe da ke rubuce a gefen tayar. Taya na rage iska a hankali ko da ba ta da huji, kuma in ta daɗe a wuri ɗaya da nauyi a kanta sai gindinta ya baje, ka riƙa jin mota na dukan ƙasa idan ka hau titi. Kada ka manta da safaya.

Hau da kowace taya kan katako don raba ta da danshin ƙasa. Sai dai ƙasarmu akwai gara, saboda haka shafa wa katakon tsohon baƙin man da ka juye, ko ka yi amfani da faffaɗan bulon siminti. Jingina kwali ko buhu a gefen tayoyin da rana ke duka, domin rana ce ke tsattsaga roba.

Idan ajiyar ta wuce wata shida, ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe a wuraren da aka tanada don jak, yadda nauyi zai ragu a kan tayoyi. Kada ka bar ta a kan jak shi kaɗai, kada kuma ka jera bulo mai rami ka ɗora ta, yana fashewa ba sanarwa, ga yara na wasa a unguwa. In ba ka da ƙafafun, a riƙa tura ta gaba ko baya taku ɗaya duk bayan mako biyu ko uku.

Kada ka ja birkin hannu. Wannan shi ne ya kama ƙafafun motar malamin nan. Takalmin birki na mannewa da ƙarfe idan danshi ya shiga, sai an kwance da guduma. Sa waigi gaba da bayan taya. Mai giyar otomatik a bar ta a P, mai giyar hannu a sa ta a lamba ɗaya ko ribas.

6. Toshe ƙofofin baƙi

Bari salansa ta huce, ka cusa soson ƙarfe a bakinta. Tsumma ba ya hana ɓera, shimfiɗa ma yake yi da shi, soson ƙarfe ne ba ya iya ci. Haka za ka yi wa bakin bututun da ke kai iska ga filta. Ba ɓera kaɗai ba, zanzaro ma na gina ɗakinsa na laka a irin waɗannan ramuka. Juya maɓallin iskar cikin mota zuwa mai zagayawa a ciki kafin ka kashe inji, hakan na rufe ƙofar da ke shigo da iska daga waje.

Ƙulla kafur a ƙyalle ka rataya biyu ko uku a ɗakin inji, ɗaya a but. Ban cika son sa shi a cikin mota ba saboda warinsa na kama kujeru. Maganin ɓera kuwa kada ya shiga motar ko kusa, ɓeran zai ci ya je ya mutu a bayan dashbod inda hannu ba ya kaiwa, ga haɗari ga yara da kaji. Tarko a gefen katanga ya fi, kyanwar gida ta fi duka. A ciki ajiye gawayin a buɗaɗɗen kwano a ƙasan kujera, yana rage danshi da wari.

Yanzu ɗauki takardar nan ka rubuta: "An toshe salansa da bututun iska. An cire batir. Babu birkin hannu." Ɗaure ta a sitiyari. Bayan wata takwas ba za ka tuna ba, kuma wataƙila ba kai ne za ka fara buɗe motar ba.

7. Batir

Mota ko a kashe tana shan wuta kaɗan kaɗan, agogo da ƙwaƙwalwarta da na'urar ƙararrawa ba sa barci. Zafi kuma na sa batir ya zube da kansa. Batirin da ya sauka ƙasa ya kwana a haka na makonni ba ya komawa daidai ko an yi masa caji.

Kafin ka cire, gwada abu ɗaya: zura makulli a ƙofar direba ka ga yana buɗewa da hannu. Mutane da yawa shekaru suna danna rimot, ramin makullin ya ƙafe ba su sani ba. In ka cire batir ka rufe bonet sannan ka gano haka, ka kulle kanka a waje. Ɗiga masa mai ya saki tukuna. Wasu motocin, musamman Honda, rediyonsu na neman lambar sirri bayan an mayar da batir, ka nemo ta ka rubuta.

Ɗaga gilasai duka har ƙarshe, buɗe bonet, kulle ƙofofi. Kwance kan baƙi mai alamar ragewa tukuna, sannan ja mai alamar tarawa. Kada ka juya wannan tsari, in sifana ta taɓa bodi alhali kana kan ja kuma baƙin na haɗe, wuta za ta tashi. Shafa giris a kawunan. In tafiyar wata ɗaya ko biyu ce, cire baƙin kawai ya isa. In ta fi haka, ɗauke batirin gaba ɗaya zuwa wuri mai inuwa da iska, ba ɗakin kwana ba, ba kusa da murhu ba. Cikakken batir na nuna 12.6 a ma'auni. A kai shi wurin mai caji duk wata ɗaya zuwa wata biyu, ko da zarar ya sauka ƙasa da 12.4. Ɗauke shi na da wata fa'ida: ɓarawon batir ya zo ya tarar da wayam, ɓarawon mota kuma ba shi da abin tayar da ita.

8. Rufewa

Ɗaga waifa ka sa ƙyalle tsakaninta da gilashi, in ba haka ba robar na narkewa ta manne. Tare gilashin gaba da na baya da kwali daga ciki saboda dashbod, ka shimfiɗa zane a kan kujeru. Naɗe madubin gefe.

Tamfol da leda ba sa numfashi. Danshin da ke tasowa daga ƙasa da dare na taruwa a ƙarƙashinsu, rana ta fito ta dafa shi a jikin fenti. Da hunturu kuma ƙura na shiga tsakani, iska na kaɗa tamfol ɗin dare da rana, yana goga ƙurar a kan fenti. Abin da ake so shi ne rigar mota mai laushi daga ciki wadda iska ke ratsawa, daidai girman motar. In tamfol kaɗai gare ka, shimfiɗa zannuwan auduga a jikin motar tukuna, ka ɗora shi a sama, ka bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da ƙasa don iska ta wuce. Mafi kyau ma ka ɗaure shi a sanduna ya zama rumfa, kada ya taɓa motar. Ɗaure da igiya ta ƙarƙashi, gaba da tsakiya da baya, ka sa ƙyalle inda igiyar ke gogar bodi. Kada a danne da duwatsu a kan bonet.

9. Wanda za ka bar wa amana

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce wa yaro ya riƙa tayar da ita minti biyar kowace safiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Minti biyar ba ya mayar wa batir abin da tayarwar ta ci, inji bai yi zafin da zai kore danshi ba, ruwa ya taru a salansa da cikin baƙin mai. Ko dai a fita da ita titi a yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin duk mako biyu, a hannun mai lasisi wanda ka yarda da shi, ko a bar ta kwance yadda muka shirya ta. In za a riƙa fita da ita, to ba sai an toshe salansa ko an cire batir ba.

Abin da nake roƙon mai amana shi ne ya leƙa duk mako biyu. Ya ɗaga riga ya karkaɗe ƙura, ya duba kashin ɓera a ɗakin inji, ya taɓa kafet bayan ruwan sama mai ƙarfi, ya nome ciyawa. Ya kuma durƙusa ya dubi ƙarƙashi, domin ɓarayi na yanke tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, kuma motar da aka ga an manta da ita suke fara nema. Ka duba ranar ƙarewar takardu da inshora kafin ka tafi, shekara guda suke yi, don kada fitarka ta farko ta ƙare a hannun jami'an hanya.

10. Ranar da ka dawo

Kada ɗoki ya sa ka murɗa makulli. Yaye riga a hankali, ka kwarara ruwa a jikin motar kafin tsumma ya taɓa ta. Karanta takardar sitiyari, ciro soson ƙarfe daga wurare biyun, cire kafur. Haska ɗakin inji da tocila, da sanda a hannu ba da yatsa ba, ka nemi sheƙa, wayar da aka gwaguya, fanbel da ya tsage. Buɗe akwatin filtar iska. Dubi ƙasa ko akwai ɗigon mai ko ruwa, ka auna baƙin mai, ruwan lagireto da man birki. Shinshina bakin tanki: in warin ya koma kamar na tsohon fenti, a zuƙe man.

Idan ka ga alamar ruwan ambaliya ya shiga motar, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, kada ka tayar ko sau ɗaya. Kira bakanike ya zo inda take.

In komai lafiya, mayar da batir, wannan karon ja tukuna sannan baƙi. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka jira daƙiƙa biyar, ka kashe, ka maimaita sau uku don mai ya hau. Sannan ka tayar, ƙafarka nesa da totur, ka tabbata fitilar baƙin mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ta ƙi mutuwa, kashe inji nan take. Bar shi ya yi minti goma yana aiki a hankali kana kallon allurar zafi. Taka birki ka ji ya yi tauri kafin ka cire waigi. Zagayen farko a cikin unguwa za ka yi shi, kana taka birki a hankali har ƙarar tsatsar ta ɗauke, daga nan ka wuce wurin mai faci ya mayar da iskar tayoyi daidai, ya kuma duba gefensu ko sun tsage kafin ka hau hanyar Jega ko ta Argungu.